Yadda Za Ka Bambance Ƙaruwar Arzikin Ƙasa da Hawa da Saukarsa

Duk bayan wata uku Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da rahoto, gidajen rediyo su ɗauka: tattalin arzikin Najeriya ya bunƙasa da kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari. Masu mulki su ce an kama hanya, 'yan adawa su ce shaci-faɗi ne, mai shayi ya ce shi dai bai gani a teburinsa ba. Duk gardamar a kan lambar wata uku ake yin ta, alhali lambar wata uku ba ta isa ta nuna inda ƙasa ta dosa ba. Ni malamin tattalin arziki ne a sakandare, abin da zan bayyana a nan kuwa aiki ne da nake sa 'yan ajin ƙarshe su yi da waya, da fensir, da takarda mai gida-gida irin ta darasin lissafi. Wanda ya iya rabawa da ɗebewa zai iya yin sa.

Abin da ake aunawa shi ne GDP, wato jimillar kuɗin duk abin da aka samar a cikin ƙasa a shekara: masarar Saminaka, simintin Obajana, ɗanyen man Neja Delta, katin waya, ladan mai aski, albashin malamin makaranta. In aka raba jimillar da yawan jama'a, abin da ya fito shi ne kason mutum ɗaya. Wannan kaso yana motsi iri biyu a lokaci guda. Akwai doguwar tafiyarsa ta shekara talatin ko arba'in, akwai kuma hawa da sauka na 'yan shekaru. Manomi ya san bambancin. Buhu arba'in bana, ashirin da biyar baɗi, wannan aikin damina ne. Amma gonar da take ba kakansa buhu hamsin, yau ko an yi damina mai albarka ba ta wuce talatin, to ƙasar ce ta gaji. Aikinmu shi ne mu raba waɗannan biyun.

Zaɓen lamba

Shiga shafin alƙaluma na Bankin Duniya, ka nemi GDP na mutum ɗaya na Najeriya. Lissafin ya faro tun daga 1960, kuma kyauta ne. Za ka tarar da shi iri biyu, ɗaya an rubuta masa “current”, ɗayan “constant”. Na biyun za ka ɗauka. Shi ne wanda aka cire wa hauhawar farashi, aka auna kowace shekara da farashin shekara guda da aka tsayar, ta yadda in lambar ta motsa, kayan da aka samar ne suka ƙaru ko suka ragu.

Na farkon shi ne wanda ya fi yawo a Facebook, domin ya fi tayar da hankali. A ma'auninsa, kason ɗan Najeriya ya kai kimanin dala 3,000 a 2014, ya dawo wajen dala 1,000 ko ƙasa da haka a 2024. Mai karantawa sai ya ɗauka kashi biyu cikin uku na gonaki da masana'antun ƙasar sun tsaya. Ba haka ba ne. A 2014 ana canjin dala ɗaya a kan naira 160 ko kusa da haka a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, a 2024 dala ta kai wajen 1,500. Canjin ne ya cinye lambar. Kada ka jefar da ita dai, tana da nata amfanin: ita ke gaya maka dalilin da ya sa maganin hawan jini, da kayan gyaran mota, da kujerar Makka suka gagari mutanen da a da suke iyawa. Amma ba da ita ake auna ko ƙasa ta ƙara samar da abu ba.

Haka lissafin naira tsuransa. A shekarar da farashi ya tashi da fiye da kashi 30, kamar 2024, jimillar nairar za ta kumbura ko da ba a ƙara ƙera allura ɗaya ba.

Sai batun jama'a. Lambar da ake karantawa a rediyo ta ƙasa ce baki ɗaya, ba a raba ta ba. Yawan 'yan Najeriya kuwa ya daɗe yana ƙaruwa da wajen kashi 2 da rabi a shekara. Saboda haka duk lambar da ka ji, ɗebe biyu da rabi kafin ka yi murna. Gwada da waɗannan, yadda aka fitar da su a lokacinsu: 2015, kashi 2.7, 2016, an ci baya da 1.6, 2017, 0.8, 2018, 1.9, 2019, 2.2; 2020, an sake ci baya da kusan kashi 2. A hukumance sau biyu kacal aka shiga karayar tattalin arziki a tsakanin nan, 2016 da 2020, kuma a 2017 har sanarwa aka yi cewa an fita. In ka ɗebe ƙaruwar jama'a kuwa, za ka ga daga 2016 zuwa 2020 babu shekarar da kason mutum ɗaya bai ragu ba. Ci gaban mai haƙan rijiya ke nan. Mutumin da ya ce bai ji an fita daga komai ba, lissafi yana bayansa.

Ka riƙe a ranka cewa ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, ta ba da miliyan 140. Fiye da miliyan 220 da ake faɗa yau ƙiyasi ne da aka ɗora a kan waccan. Don haka kada ka tsaya jayayya a kan ɗigo biyu ko ɗigo uku. Siffar layin muke nema.

Zana layin tun daga 1960

Shekaru a kwance, kason mutum a tsaye, kowace shekara ɗigo ɗaya. Na fi so yara su yi da hannu kafin su taɓa Excel, domin wanda ya ɗiga shekara sittin da fensirinsa ba ya mantawa da inda hannunsa ya gangara.

Ga abin da zai fito. Farkon shekarun 1960 layin yana tafiya a hankali, lokacin da noma ke ba da fiye da rabin abin da ƙasa ke samarwa, gyaɗa da auduga a Arewa, koko a Yamma, manja a Gabas. Sai rami a 1967 da 1968, yaƙin basasa. Daga nan sai hawa mai tsayi. Wani ɓangarensa farfaɗowa ce daga yaƙi, babban ɓangaren kuwa mai ne: a ƙarshen 1973 farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen 12.

Mahaifina akawu ne a ma'aikatar gwamnati a lokacin. Da aka biya ariyas ɗin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji a farkon 1975, ya sayi babur Honda, ya sauya rufin ɗakuna biyu zuwa kwano, ya sayo rediyo mai kaset da ake ajiyewa a kan kabad an lulluɓe shi da ƙyalle mai saƙa. A shekarar ce aka fara haɗa motar Fijo a Kaduna, a shekarar ce kuma ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni babu wurin sauke kaya, farashi kuma ya tashi da fiye da kashi 30. Har ya rasu yana kiran zamanin da lokacin da ƙasa take ƙasa. Ban taɓa musa masa ba, amma a takarda abin da ya gani ƙololuwar hawa ce. Man da ke ƙarƙashin ƙasa bai ƙaru ba, manomi bai koyi sabuwar dabara ba, hasali ma dalar gyaɗa a shekarun nan ta ɓace daga Kano bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975. Farashi ne ya ninka huɗu a kasuwar da ba mu da iko da ita.

Ƙololuwar tana wajen 1977. Daga 1981 layin ya soma gangara kamar an tura shi. Mai ya yi kwantai a duniya, abin da Najeriya ke haƙowa ya faɗo daga fiye da ganga miliyan 2 a rana a 1979 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi a 1982 da 1983. Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982. A 1984 ni ake tura wa layin kayan masarufi da sassafe, in riƙe wa gida wuri, a fito da gwangwanin madara biyu da sabulu da ɗan sukari, wani lokacin ma kaya su ƙare kafin layi ya iso kaina. A 1986 farashin mai ya sake rushewa, Babangida ya kawo SAP, shirin sake fasalin tattalin arziki, nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta koma wajen naira 4 a dala ɗaya. Daga nan har ƙarshen shekarun 1990 layin a kwance yake, ɗan sama ɗan ƙasa.

Hawa na biyu ya fara da shekarun 2000: wayar salula daga 2001, yafe bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar Paris ta ƙasashen da ke bin mu bashi ta yi a 2005, farashin mai da ya kai dala 147 a watan Yulin 2008. Ƙololuwa ta biyu tana 2014 zuwa 2015.

Yanzu ɗauki rula, ka aza ta a kwance a kan ɗigon 1977, ka ja layi zuwa dama. Sai wajen ƙarshen shekarun 2000 layinka zai sake taɓa shi. Shekara talatin ke nan. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar bikin al'adu na FESTAC, wato 1977, ya yi aure ya haihu kafin kason ɗan ƙasa ya koma inda yake ranar sunansa. Duk shekara a nan ajin yakan yi tsit.

Auna daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa

A nan 'yan siyasa da masu sharhi suke wasa da hankalin mutane, kuma ba sai sun yi ƙarya ba, shekarar farawa kawai suke zaɓa. Mai son ya nuna an yi abin kirki sai ya fara daga rami ya tsaya a ƙololuwa, 1999 zuwa 2014, ya samu hawan da ya kusa ninki biyu. Mai son ya nuna ƙasa ta mutu sai ya fara daga ƙololuwa ya tsaya a rami, 1977 zuwa 1999. Dukkansu lambobin gaskiya suka kawo. Kai ka auna ƙololuwa da ƙololuwa, ko rami da rami, domin ta haka ne hawa da saukar ke cinye juna, doguwar tafiyar ta fito fili.

Lissafin ba wuya. Raba lambar ƙarshe da ta farko, ka ɗauki saiwar adadin shekarun da ke tsakani, ka ɗebe ɗaya. A Excel, in lambar farko tana B1, ta ƙarshe tana B2, tazarar kuma shekara 37 ce, sai ka rubuta =(B2/B1)^(1/37)-1. Yi wa 1977 da 2014 haka. Za ka samu abin da bai kai kashi 1 a shekara ba.

Don ka san nauyin wannan, ga dabarar 70: raba 70 da kason ƙaruwa, abin da ya fito shi ne shekarun da za a ɗauka kafin abu ya ninka. Kashi 7, shekara goma. Kashi 2, shekara 35. Kashi 1, shekara 70. Rabin kashi, shekara 140. Ƙasar da tattalin arzikinta ke ƙaruwa da kashi 3, jama'arta da 2 da rabi, a wannan layin na ƙarshe take. Tsakanin kashi 1 da kashi 2 kamar ba wani abu ba ne a kunne, amma shi ne bambancin wanda zai ga ninkin da idonsa da wanda sai dai jikansa.

In layin ya cika tsalle-tsalle yana hana ka gani, lallashe shi: kowace shekara ka maye gurbinta da matsakaicin shekara biyar, biyu kafinta, ita kanta, biyu bayanta. Ramin shekara ɗaya irin na korona zai kusa ɓacewa, na shekarun 1980 kuwa zai tsaya daram. A Excel kuma ka mayar da ma'aunin tsaye zuwa na logaridim, wanda ke auna ninki maimakon ƙari. A kansa ƙaruwa mai ɗorewa takan zama miƙaƙƙen layi, inda ya lanƙwasa kuwa nan ne saurin tafiya ya sauya.

Gwada da Amurka ka ga. Tun wajen 1870 kason mutum ɗaya a can yake ƙaruwa da kusan kashi 2 a shekara. Ko gagarumar karayar 1929 zuwa 1933, wadda ta cinye fiye da rubu'in abin da suke samarwa, a wannan zane rami ce da aka faɗa aka fito aka koma kan tsohon layi. Wannan shi ne hawa da sauka na gaskiya, mai komawa. Japan kuwa layinta ya lanƙwasa a 1973, ya sake lanƙwasawa bayan 1990, bai koma tsohon saurinsa ba. Ƙa'idar da nake bi, tawa ce ba ta littafi ba: in shekara bakwai ta wuce ba a koma tsohuwar ƙololuwa ba, na daina kiran abin guguwa mai wucewa.

Za ka ci karo da masu cewa tattalin arziki yana da zagaye mai ƙayyadajjen lokaci, na shekara 7 zuwa 11 da ake jingina wa masanin tattalin arziki Juglar, ko na shekara hamsin na takwaransa Kondratiev. Karanta su don ilimi, amma kada ka sayi fili ko ka sayar da shanu saboda su. Hawa da sauka ba ya duba kalanda.

Tambayi abin da ya jawo

Kawo farashin ɗanyen mai na shekarun nan ka zana shi da jan biro a kan takardar. Za ka ga ƙololuwarmu biyu duk tsadar mai suka biyo, ramukan kuma faɗuwarsa: a tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Abin mamakin shi ne mai bai kai kashi 10 na GDP ba a yanzu. Ƙarfinsa a dala yake, domin shi ke kawo mafi yawan kuɗin waje da babban kaso na kuɗin gwamnati. In ya faɗi, naira ta faɗi, albashin jihohi ya maƙale, ɗan kwangila ya tsaya, mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya ji a cinikinsa.

Sannan ka ɗauko ƙasar da iska iri ɗaya ta kaɗa, ka zana ta kusa da taka. Ni Indunusiya nake ɗauka: mai yawan jama'a, mai arzikin mai, soja ya daɗe yana mulkinta, cin hanci kuma ba baƙonta ba ne. A farkon shekarun 1970 ba ta fi Najeriya ba. Ta zuba kuɗin manta a noman shinkafa, taki da madatsun ruwa, ta gina makarantun firamare fiye da 60,000 tsakanin 1973 da 1978, ta karya darajar kuɗinta a 1978 da 1983 da 1986 don kayanta su sayu a waje. A 1984 ta ciyar da kanta da shinkafa. A 1998 tattalin arzikinta ya rushe da kashi 13 a shekara guda, abin da ya fi 2016 da 2020 namu in an haɗa su, ya kuma yi awon gaba da mulkin shugabanta Suharto. Cikin shekara bakwai ko kusa da haka ta koma inda take ta wuce, a 2024 kason mutum ɗaya a can ya kusa dala 5,000. Zurfin rami bai hana ta ba, domin abin da ke ɗauke da layinta, gona da masana'anta da makaranta, yana nan.

Shekarar 2022 ta ba mu gwaji mai kyau a gida. Bayan an fara yaƙin Yukren mai ya sake haura dala 100, amma layinmu bai yi tsallen 1974 ko na 2008 ba. Haƙowa ta faɗi har ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watannin shekarar saboda sata da fasa bututu, abin da ya shigo kuma tallafin mai ya lashe. In farashi ya hau layi bai bi shi ba, matsalar ta wuce ta kasuwa. Sai ka duba abubuwan da ke tafiya a hankali: wutar da ba ta cika wuce megawat 5,000 ba ga mutum fiye da miliyan 200, masaƙun Kaduna da suka rufe, masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka zama rumbunan ajiya, ƙauyukan da rashin tsaro ya hana noma.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya yin aikin nan da alƙaluman Nijar, ya sa farashin yuraniyom a madadin mai. Zai ga hawan ƙarshen shekarun 1970 lokacin da Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom, ke tashe, da faɗuwar shekarun 1980, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Shi kuma abin da zai ɗebe na ƙaruwar jama'a ya haura kashi 3.

Tarko biyu

Na farko, sabunta ma'auni. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassan da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata, kamar sadarwa da fina-finai. Dare ɗaya GDP na 2013 ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Ba wanda ya ƙara ko sisi, awo ne aka gyara. An sake yin irinsa a 2025, aka koma 2019. Saboda haka kada ka haɗa lambar tsohuwar jarida da ta sabon rahoto a layi ɗaya. Ɗauki jeri guda daga wuri guda, in kuma ka ga shekarar da ta yi tsallen da tarihi bai san da shi ba, fara zargin wurin da aka yi ɗori.

Na biyu, kason mutum ɗaya matsakaici ne, ya haɗa mai matatar mai da mai tura baro ya raba biyu. Rahoton hukumar na 2022 ya ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa. Layin ƙasa zai iya hawa alhali na Yobe ko Zamfara yana kwance.

In sabon rahoto ya fito, bar na wata uku, jira na shekara. Ɗebe ƙaruwar jama'a. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin ɗigon bana da ƙololuwar 2014 zuwa 2015, ka raba ta da abin da ya rage maka. A ce, don misali, ka tarar tazarar kashi 8 ce, tattalin arziki ya ƙaru da 3.5, jama'a da 2.2. Saura 1.3. Takwas a raba da 1.3, shekara shida ke nan kafin a koma inda aka taɓa kaiwa, in komai ya tafi daidai. Rubuta amsar da fensir a gefen takardar tare da kwanan wata, baɗi ka ƙara ɗigo ɗaya ka sake lissafin.